Layin Mushen Baba

Akwai tsofaffin da in sun ajiye aiki sukan kama kiwon tantabaru, wasu su kama rediyo, wasu su kama jikoki da faɗa. Baba shi mushe ya kama. Duk Asabar da safe sai ya sa wata riga rawaya mai walƙiya, ya saɓa ɗan gajeren shebur, ya bi gefen kwalta tun daga gada har masana'antar bulo, yana neman abin da mota ta take. In ya samu bushiya ko zomo ko kwaɗo ko mujiya, sai ya ajiye rula kusa da gawar, ya ɗauki hoto, ya tura wa ƙungiyarsu ta masu nazarin dabbobi da tsirrai. Su kuma su tara, wai da haka ake gane abin da ke zaune a dajin gefen hanya da abin da ya fara ƙarewa. Ba a biyan kowa, ba a ma gode wa kowa yadda ya kamata. Kowane ɗan ƙungiya da nasa yankin hanya, suna ce masa layi. Baba ya riƙe nasa tun zamanin da ba waya mai hoto, da biro kawai ake yi, kuma bai taɓa fashin Asabar ɗaya ba. Ko ranar ɗaurin auren 'yarsa sai da ya zaga layinsa kafin ya zo ya yi wanka.

Wannan 'yar tasa kuwa, da za a tara mutanen gari a ce a nuna wanda bai dace da irin wannan aiki ba, ita za a nuna. Tun tana ƙarama yayyenta suka laƙaba mata Duba-gari, saboda ba ta shan ruwa sai ta shinshina kofi, ba ta zama kan kujera sai ta taɓa ta ji ko da ɗumin wani. Da ta girma ta sami aikin da aka halicce ta dominsa, shugabar masu gyaran ɗakuna a wani babban otal. Ita ce mai shafa yatsa a saman ƙofa, mai ɗaga katifa ta leƙa, mai gano gashi ɗaya a farin zanin gado tun daga bakin ɗaki. Tana ƙaunar mahaifinta, amma rigarsa ta Asabar ba ta taɓa shiga injin wankinta ba.

Sai Baba ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sa masa ƙarfe, aka sallamo shi da ƙarfen koyon tafiya irin na yara. Ranar da ya dawo gida, Duba-gari tana goge hannun gadonsa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya kira ta.

"Uwata, rufe ƙofa."

Ta rufe.

"Na gaya wa Shugaba ɗan targaɗe na yi. Kada ki kuskura kowa ya ji karaya ce."

"To Baba, mene ne abin ɓoyewa a karaya? Sata ka yi?"

"Ba ki san su ba. Doka ce, wanda ya yi fashi sau biyu a jere sai a ba wani layinsa. Ga Mai Keke can ya buɗe baki yana jira."

Mai Keke wani likitan haƙori ne da ya shiga ƙungiyar ba da jimawa ba, mai yawo a kan keke cikin matsattsun kaya kamar an ɗura shi a ciki. Bai taɓa yi wa Baba laifi ba. Laifinsa kawai shi ne ba shi da layi kuma yana so.

"Ka ce musu wani zai riƙe maka mana, kafin ka warke."

"Ba a yarda kowa ya yi ba sai wanda suka horar. Horon kuma sai shekara ta zagayo." Ya dube ta. "Ke za ki je. Da wayata, da sunana."

"Ni? Baba, ni? Ga Yaya!"

"Yayanki yana wata ƙasa. In naɗe masa kwaltar in aika masa ta gidan waya?"

Ta yi ta kawo dalili yana turewa, har ya juya fuskarsa bango ya ce shi ke nan, a bar shi, dama mutum in ya tsufa abu ɗaya-ɗaya ake karɓewa daga hannunsa. Ta tsaya da tsumma a hannu tana kallon ƙeyarsa, yadda ta rame a 'yan kwanakin asibiti. Ta ce to, za ta je.

Nan da nan ya juyo, murya ta dawo. "Duk abin da kika gani ki ajiye rula ki ɗauki hoto. Kada ki zaɓa. In kin ɗauka, ki sa shebur ki kwashe, ki jefa can cikin ciyawa."

"Kwashewar ta mece ce kuma?"

"Haka ake yi."

Baba ya yi rayuwarsa yana shugabantar masu raba wasiƙu, kuma a duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa jin ya ba da dalilin umarni. Ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauka tausayi ne irin nasa, kada motoci su yi ta bi ta kan gawa.

Ranar Asabar ta ajiye mota a gindin gada ta fito kamar mai shiga ɗakin tiyata. Safar hannu biyu-biyu, takunkumi da ta jiƙa da turare, leda a ɗaure kan kowane takalmi. Ta riga ta sayi ƙunshin rular roba ta 'yan makaranta, don ta rantse abin da ya taɓa wannan ƙasa ba zai koma motarta ba. Rigar Baba ta ɗora kan tata, tana ɗauke numfashi.

Ba ta yi nisa ba ta fara gane cewa gefen titi wata duniya ce da mai mota bai sani ba. Kwalaben da direbobi suka yi fitsari a ciki suka wurgo, sun yi ja a rana. Ƙunzugun jarirai da ruwa ya kumbura. Takalmi ƙafa ɗaya. Wani baƙin maiƙo da ba ta so ta san asalinsa. Kwaɗo na farko da ta samu ya riga ya zama kamar ganye, wannan da sauƙi. Sai da ta kai wajen kwalbati, inda sabuwar katangar masana'antar bulo ta faro, hancinta ya ba ta labari tun kafin idonta.

Bushiya ce. Taya ta bi ta tsakiyarta, abin da ke ciki ya fito waje ya yi shuɗi-shuɗi, korayen ƙudaje sun yi cincirindo a kai suna wani irin gurnani. Warin ya ratsa turaren, ya haɗu da shi, suka zama wani abu na uku da ya fi kowannensu muni. Duba-gari ta tsaya nesa ta jefa rula, rular ta faɗa jikin ƙayoyin. Ta miƙa hannu iyakar tsawonsa, ta kau da kai, ta danna hoto. Sannan ta tuna da shebur. Ta kai bakinsa kusa ke nan ƙudajen suka tashi gaba ɗaya, ɗaya ya sauka a kan fatar idonta, ta ji sanyin ƙafafunsa.

Ta yi tsalle baya tana kaɗe fuska, tsigar jikinta duk ta tashi. Ta ce wa ranta akwai masu shara, akwai hankaki, akwai ruwan sama, duk an yi su ne don irin wannan. Ta bar bushiyar, ta bar rular, ta wuce. Haka ta yi wa fiffiken mujiya da ke gaba, da wani kurege, da wani abu da ba ta iya cewa ko me ya kasance a da ba. Da ta koma gida ta yi wanka har ruwan zafi ya ƙare.

Baba ya karɓi wayar da hannu biyu kamar an kawo masa jika. Ya sa tabarau, ya nisantar da ita daga fuska, ya ƙanƙance ido. Shi ke faɗin sunan kowace dabba, shi ke turawa.

"Hoton ya yi nisa, amma ba laifi. Kin kwashe?"

"Na kwashe, Baba."

Maganar ta fita sumul, ko gargada babu.

Asabar ta biyu ta tarar da rularta a inda ta bar ta, taya ta danne ta cikin kwalta. Bushiyar ta bushe ta yi faɗi, wari ya ragu. Har ta ji daɗi, ba sai ta jefa wata rular ba. Baba ya ce kada ta zaɓa, don haka ta sake ɗaukar ta hoto. Ta ɗauki fiffiken mujiyar, ta ɗauki kuregen, ta ƙara da sababbin da aka take a cikin makon.

"Wata bushiyar?" in ji Baba. "A wajen kwalbatin nan dai?"

Ta ji kalmar "wata" sarai. Ta ce "Uhm," ta tafi ɗauraye masa kofi.

Da tafiya ta yi tafiya, mushen layin Baba ya yi ta hauhawa, tsoho bai tafi ba sabo yana zuwa. Baba kuwa ya farfaɗo kamar an yi masa ƙarin jini. Ya sa aka manna masa taswirar hanyar a bango. Ya ce ya gano abin da ke faruwa: katangar nan ta masana'antar bulo ta toshe hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, shi ya sa suke fitowa kan kwalta suna mutuwa a wuri guda. Mutumin da sai an yi da gaske yake cin loma uku, sai ga shi yana neman ƙari. Ya aske gemu. Yana kama ƙarfensa ya zaga falo yana nishi, yana cewa sai an fasa katangar nan ko a yi mata ƙofa daga ƙasa. Duba-gari ta ga haka ta gode wa Allah, ta ce ashe ƙazantar da take sha tana da amfani.

Wata ranar Laraba tana gyara masa teburin magani, Shugaban ƙungiyar ya bugo waya. Baba yana da ɗabi'ar magana a waya kamar wanda yake kira daga ƙetaren kogi.

"A'a, Shugaba! Ba maimaici ba ne! Haba, ni za a koya wa aiki? Duk wadda na ɗauka ina kwashe ta nan take. Ta ina za a ƙirga ta sau biyu?"

Kwalbar maganin da ke hannunta ta kusa suɓucewa. To, dalilin ke nan. Ba tausayi ba ne, ba tsafta ba ce. Ana kwashewa ne don kada gawa ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ita ce katangar, ita ce annobar. Ta ji haushin Baba ya turnuƙe ta, kalma nawa zai kashe da ya faɗa mata tun farko? Ta ji haushin ƙungiyar, manyan mutane da furfurarsu sun rasa abin ƙirgawa sai ruɓa. Amma ƙarƙashin duk wannan akwai wadda ta fi jin haushinta, kuma ta san ko wace ce.

Asabar ɗin nan ta je da niyyar gyara. Ta fara da tsohuwar bushiyar, ta tarar ta manne da kwalta kamar an liƙa ta da gam. Shebur ya yi ta ƙara a kai, ƙayoyi kawai ke tsinkewa suna tsalle kan ledar ƙafarta. Ta bar ta ta nufi wani muzuru da ta ɗauka makon da ya wuce, wanda yanzu ya kumbura ya yi tim, ƙafafu a sama. Ta rufe ido ɗaya, ta cusa shebur ƙarƙashinsa, ta ɗaga. Fatar cikin ta saki. Abin da ya zubo fari ne, da yawa, kamar an kifar da tukunyar shinkafa, sai dai wannan shinkafar tana motsi, tana hawa sandar shebur ta nufo hannunta.

Ba ta ma sami zarafin cire takunkumi ba. Amai ya cika shi, ya biyo haɓarta, ya gangara cikin rigar Baba. Ta durƙusa a bakin lambatu tana kakari. Wani direban tirela ya rage gudu, ya danna mata ham, yaron motarsa ya leƙo yana cewa, "Sannu da aiki, ma'aikaciya!" Ta zauna a kan ƙasar da ta rantse ba za ta taɓa ba, tana kuka don takaici.

A nan ta yanke shawarar da ta ga ta fi sauƙi. Ba za ta iya kwashewa ba, wannan ta tabbata. Amma za ta daina ɗaukar tsofaffi. Duk gawar da ke da rula a gefenta an riga an yi da ita, sai ta wuce. Ba wanda zai sani.

Sai mushen layin ya faɗi ƙasa warwas. Baba ya duba wayar ya sake dubawa, ya cire tabarau.

"Ko ɗaya babu a wajen kwalbati?"

"Babu sabuwa, Baba."

"Sun ƙare ke nan, Uwata." Ya ajiye wayar. "An gama da su, muna zaune muna kallo."

Ya goge ido da bakin hannun riga, saboda bushiyoyin da ba a taɓa haifa ba. A nan ya kamata ta faɗa masa, kuma ta buɗe baki. Amma ramin ƙarya, duk da an ce ƙurarre ne, wanda ke ciki kullum gani yake da sauran wuri. Ta ce masa ya sha shayinsa kada ya huce.

Shugaba ya ce wannan magana ta wuce waya. A taron ƙungiya mai zuwa Baba zai tsaya ya yi bayani da hotuna, daga nan a rubuta wa hukumar hanyoyi. Baba ya kwana biyu yana gwada tafiya da sanda kawai. Ranar taron ya sa aka bar ƙarfen koyon tafiyar a but ɗin mota, ya hau matakalar ɗakin karatu na gari da sanda da haƙora a cije, 'yarsa na biye tana jiran ya faɗo.

Ɗakin taron yana saman bene, yana warin tsohon kafet da jiƙaƙƙen takarda. A kan wata kanta akwai maciji a cikin kwalba, ruwan ya yi launin da ba ta so ta kwatanta. Akwai wata shirwa da aka cusa wa auduga, ido ɗaya ya faɗi. A tsakiya an ajiye farantin biskit, kowa na tsoma hannu, waɗannan hannayen dai da ta san inda suke yini ranar Asabar. Wata dattijuwa ta miƙo mata, ta ce ta ƙoshi. Ta sami kujera a can baya, ta shimfiɗa hankici, ta zauna a matsayin direba.

Sakatariya, wata doguwar mata mai tabarau a rataye da sarƙa, ta ja labule ta kunna majigi. Bushiyar ta bayyana a bango, girmanta ya kai tabarma. Duk abin da Duba-gari ta kau da kai don kada ta gani, ga shi an hura shi an kafa mata a gaba. Mutanen ɗakin suka ce "Ayya," suka ci gaba da tauna.

Baba ya dogara da sanda yana bayani, gumi na bin wuyansa, amma muryarsa tsaf. Ga ta farko. Ga ta mako na biyu, a wuri ɗaya. Ga ta uku. Ya nuna katangar a taswira. Shugaba yana gyaɗa kai, har an fara maganar wa zai kai takarda.

"Gafara dai, Baba," in ji Mai Keke daga gefe, hular kekensa a cinya. "Sakatariya, don Allah koma baya kaɗan. Yawwa. Yanzu gaba. Sake gaba."

Mutum ne da ya saba neman ɗan tsagu a haƙori. Ya tashi ya je jikin bango ya ɗora yatsa.

"Wannan rular fa? Ga tsagewa a nan. A na gaba ma ga ta, ta ɗan ƙaru. Kuma kwanciyarta ɗaya ce, ko motsi ba ta yi ba." Ya sauke yatsan. "Ina jin bushiya ɗaya ce."

Aka daina tauna. Sakatariya ta jera hotunan gefe da gefe. A ƙaramar fuskar waya, da idon tsoho, ba a gani. A bango kuwa ko makaho ya shafa ya gane. Rula ɗaya ce tana tsufa mako bayan mako, tana dusashewa, kusa da bushiya ɗaya da ke ƙara faɗi. Aka duba mujiyar, haka. Aka duba kuregen, haka.

Baba ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya juyo a hankali ya dubi bayan ɗakin, sau ɗaya, ya mayar da kai.

"Laifina ne," ya ce. "Bayana ne ya hana ni sunkuyo kwana biyu. Na yi sakaci."

"Kwana biyu tun yaushe, Baba?" Sakatariya ta tambaya, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. "Ka gane matsalar. In ba mu san ranar da ka daina kwashewa ba, ba mu san inda za mu yanke ba. Na shekarun baya ba su da hoto balle mu duba. Dole mu jingine na layin gaba ɗaya, mu sa masa alamar ba a tabbatar ba."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ka yi haƙuri."

Duba-gari ta dubi mahaifinta. Duk Asabar ɗin da ya taka tun tana 'yar makaranta, cikin ruwa da rana, za a share su da alama ɗaya saboda ƙuda ya sauka a idonta. Kuma shi zai bari. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ba shi ba ne. Ni ce."

Kawuna suka juyo.

"Ni 'yarsa ce. Karaya ya yi a ƙugu, ba targaɗe ba, ko ƙofar gida bai taka ba sai yau. Ni nake zuwa da wayarsa. Ya ce in kwashe, ban kwashe ba, na ce masa na kwashe. Duk hoton da kuka ga rular roba nawa ne. Tasa ta katako ce, ku duba. Na baya duk nasa ne, kuma ba wanda ya isa ya ce da kuskure a ciki."

"Zauna, Uwata," in ji Baba.

Amma magana zarar bunu ce. Sakatariya ta duba, ta ce gaskiya ne, rular katako har zuwa wani mako, daga nan ta roba. Za a bar na Baba yadda suke, a goge na 'yarsa, a bar wurin fanko. Shugaba ya yi gyaran murya, ya yi doguwar magana kan irin hidimar da Baba ya yi, irin maganar da ake yi wa mutum in za a karɓe masa abu. Ya ce doka doka ce, kuma lafiya ta fi komai. Mai Keke zai riƙe layin na wucin gadi. Duk wanda ke ɗakin ya san tsawon wannan wucin gadi.

Ba su tsaya shayi ba. A bakin mota Mai Keke ya biyo su yana sosa ƙeya, ya ce bai yi da wata manufa ba, kuma in Baba bai damu ba, Sakatariya ta ce rigar da shebur kayan ƙungiya ne. Duba-gari ta buɗe but ta miƙa masa. Baba ya ce masa, "Ka kula da wajen kwalbati, manyan motoci suna matsowa gefe." Ya shiga mota da kansa, bai yarda ta kama shi ba.

Hanyar gida ta layin take bi, ba wata. Rana ta yi sanyi, inuwar katangar ta kwanto kan kwalta. Baba ya juya fuska wajen taga, ita kuwa ba ta san ta inda za ta fara ba. Da ya zage ta da ta ji daɗi.

Sun wuce masana'antar bulo kaɗan ta hango wani abu a bakin farin layi. Zomo ne, sabo, jinin bai ma bushe ba, kunne ɗaya na kaɗawa in mota ta wuce. Ta taka burki ta gangara gefe. Ba safar hannu, ba takunkumi, ba shebur. Ta fita da takalminta na zuwa taro, ta sunkuya, ta sa hannu biyu ta ɗauke shi. Da sauran ɗumi a jikinsa. Kansa ya langaɓe a kan tsintsiyar hannunta, wani abu mai yauƙi ya bi tsakanin yatsunta ya gangara cikin hannun rigarta. Ba ta sake shi ba. Ta juya yadda Baba zai gan ta sosai, ta nufi ciyawa.

Ta ji gilashin motar yana sauka.

"Mayar da shi."

"Baba, kwashewa zan yi. Ka ga, na iya."

"Na gani. Mayar da shi inda kika same shi. Ba a rubuta shi ba tukuna." Ya nuna mata kwaltar. "Layin wani ne."

Ta tsaya da zomon a hannu, motoci na wucewa suna kaɗa mata riga. Sannan ta koma, ta nemi tabon jinin a kwalta, ta durƙusa ta kwantar da shi daidai a kai.